Bargon da na haɗa da siraran ƙyallaye

Babban ƙyalle ba ya rasa mai so a ɗakin ɗinki. In ragowar ta kai rabin yadi, za a fitar da rigar jariri ko ɗankwali. In ta kai tafin hannu biyu, ta yi aljihu, ta yi shafin wuya, ko yara mata su kwashe su yi wa 'yar tsana kaya. Wanda ba shi da gata shi ne siririn nan da almakashi ke zubarwa lokacin da ake daidaita gefen siket ko rage tsawon hannu, mai tsawon taƙi biyu ko uku, faɗinsa yatsa ɗaya, in ya yi yawa yatsa uku. Ba ya faci, ba ya aljihu, ko tsumman goge keke ba ya yi. Shi ne kuma ya fi yawa. A gidanmu da ke Rafindadi cikin birnin Katsina, inda nake ɗinkin mata, daga shigowar azumi zuwa daren Sallah buhun shinkafa guda yake cikawa.

Yadda ake yi da shi kowa ya sani. A ƙona a bayan gida hayaƙin roba ya turnuƙe unguwa, ko a kai bola iska ta watsa, damina ta zo ta tura shi kwata ya toshe. Ni abin yana ci mini rai, don na san kuɗinsa. Mai atamfa ba ta sayi tsakiyar turmi da tsada ta sayi gefensa da araha ba, yadi 6 ɗin nan kuɗinsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Kuma ba daga kusa yadin yake zuwa ba. Ana noma auduga a Funtuwa da Malumfashi, amma tun da manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe, har wadda aka fara buɗewa a 1957 ta rufe a 2002, yawancin abin da muke yankawa sai ya ƙetaro teku, ya sauka Kantin Kwari a Kano, sannan ya iso babbar kasuwar Katsina.

Kafin in taɓa allura sai da na fara warware wata magana. Ragowar yadi ba ta tela ba ce, ta mai kaya ce, kuma malamai sun sha faɗa mana cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Babbar ragowa dama ina naɗewa in saka wa mai ita cikin leda. Sirara ne kowa ya ɗauke su shara. To amma abin da za a kai bola daban, abin da za ka mayar dukiya ka shimfiɗa a gadonka daban. Sai na shiga tambaya. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki in ce, "Hajiya, siraran nan da suka zuba, in haɗa maki ko kin bar mani?" Yawancinsu dariya suke yi. "Haba, mi zan yi da su? Na yafe maki duniya da lahira." Wata dattijuwa kuwa ta ce a tattara mata nata, ba ta son ƙyallen tufar jikinta ya kwana a hannun wani. Na san abin da take gudu, ban ja da ita ba, na tsince mata har wanda bai kai ɗan yatsa ba. Tsincewar ba ta yi wuya ba, tela ba ta manta atamfar da ta yanka.

Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ce ta nuna mini a waya yadda matan Amurka ke yi. Can ana sanyi na gaske, sun daɗe suna haɗa bargo da guntayen yadi, kuma suna da salo na musamman don sirara: a riƙa ɗinka su ɗaya bayan ɗaya a kan wani ƙyalle ko takarda da aka shimfiɗa a ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayi, waɗanda rashi ya sa suke yayyanka tsofaffin wandunan aikin gona su haɗa abin rufa. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunan bargunansu a jikin kan sarki. Abin bai zame mini baƙo sosai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya ga 'yan lifida, su da dawakansu, cikin yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakiya aka bi da ɗinki. Aikin ɗaya ne, sai dai namu don tare kibiya aka yi shi.

Na fara bayan ƙaramar Sallah, lokacin da kasuwar ɗinki ke kwantawa. Aikin da ya fi cin rai, wanda ba a cika nunawa a waya ba, shi ne tsinta. Na zazzage buhun a tabarma na zauna. Da farko na fitar da duk abin da ba auduga ba: leshi mai huda-huda, yadin hijabi mai talewa, matiriyal mai santsi. Waɗannan ido ma yana gane su. Matsalar tana ga atamfar yanzu, da yawa an cakuɗa ta da roba, kuma sitaci ya ɓoye. Wadda na yi shakka sai in yanki ɗan bakinta in kai ga ashana. Auduga tana ci da wuta sarai, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa nannaɗewa take yi tana gudun wutar, ta narke, ta bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Dalilin wannan wahala shi ne guga da wanki. Zafin da auduga ke buƙata kafin ta kwanta, shi zai ƙone roba, kuma ranar da aka wanke bargon audugar za ta ɗan tsuke robar ta tsaya yadda take, sai ɗinkin ya tattare.

Wankin sirara ba irin wankin kaya ba ne. In aka cuɗa su, zare ne zai warware su sarƙe su zama dunƙule ɗaya. Jiƙa su na yi a baho, masu duhu daban masu haske daban, na riƙa dannawa da tafin hannu, na tsame na matse ba tare da murɗawa ba, na shanya a inuwa kan tabarma. Ja da shuɗi mai duhu su na fi sa wa ido. In jiƙa ɗaya in goga a farin ƙyalle, in ya bar shaida ya koma ruwa har sai ruwan ya fita fes. Wanda ya ƙi daina zuba na ware shi gefe, don siriri ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata maƙwabtansa duka. Bayan sun sha iska na bi su da dutsen guga na gawayi, ɗaya-ɗaya. Wannan zama ne na rediyo da haƙuri.

Daga nan sai rabo, kuma da tsawo na raba su, ba da launi ba. Masu inci 13 zuwa sama a kwando, matsakaita a baho, gajeru a tsohuwar fanteka. Sai faɗi. Kowane siriri yana asarar kwatan inci a kowane gefe wurin ɗinki, wato rabin inci ke nan ya tafi. Mai inci 1 zai fito da rabin inci a fuskar bargo, ya yi kyau, har ya fi masu faɗi ɗaukar ido. Wanda bai kai inci 1 ba kuwa zaren da zai ci ya fi amfaninsa, sai na tara su wuri guda don wani aikin. Ban tsaya daidaita faɗinsu ba. Wanda ya yi faɗi a kai ya tsuke a gindi haka na bar shi, domin layin ɗinki ne ake so ya miƙe, bakin ƙyallen a ciki zai ɓuya.

Siriri shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Wani an yanke shi bisa tsawon zare, wani a gicciye, wani a karkace, kuma na karkacen nan da an ja shi sai ya tale. In aka ce a haɗa su gefe da gefe haka kawai, kafin a yi goma abin ya lanƙwashe ya zama baka. Shi ya sa ake buƙatar abin da za a ɗora su a kai. Takarda na ƙi ta saboda dalili biyu. Tsohuwar jarida ko littafin makaranta a garin nan da wuya ka buɗe ba ka ci karo da sunan Allah ko aya ba, ba zan bi ta da allura in yayyage in zubar ba. Sannan cire takarda daga bayan ɗinki wani aikin ne mai zaman kansa. Sai na ɗauko tsofaffin zannuwa biyu da suka koɗe suka yi laushi, waɗanda ba su yage ba. Zani yadi 2 ne, faɗinsa ya ɗan haura inci 45, don haka in ana yanka murabba'i mai inci 9 ana samun 5 a jere, jeri 8, wato falle 40. Zani biyu suka ba ni 80, daidai abin da nake so: 8 a faɗi, 10 a tsawo. In kowane falle ya ƙare a inci 8 bayan haɗi, bargon zai tashi inci 64 da 80, ya rufe babban mutum har da rarar da zai cusa ƙarƙashin ƙafa. Bayan zanin nake juyowa sama, don kada zanensa ya hasko ta cikin siraran masu haske.

Kafin in zurfafa na yi gwaji iri biyu. Wasu fallayen na jera masu sirara yadda hannu ya kai, wasu kuma na sa wa kowanne ƙyalle iri ɗaya a tsakiya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Na shimfiɗa na farkon a gaban Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ba ta iya ɓoye abin da ta gani ba. Ta duba ta ce, "Ke 'yar nan, wanga in kika shimfiɗa shi cewa za a yi babu ce ta kama ku." Na kawo na biyun na jera huɗu, layukan tsakiya suka haɗu suka zagaye. Ta gyara zama. "To, yanzu na ga aiki." Daga nan ta shiga ba ni labarin luru da gwado, yadda masaƙa ke saƙa ƙyalle siriri dogo, a yanka a jera a ɗinke gefe da gefe da hannu har ya zama mayafi, da turkuɗin Kura da sirantarsa ba ta wuce yatsa biyu ba, wanda Buzaye ke saye da tsada su yi rawani. Ta ce ba wanda ya taɓa kiran waɗannan faci.

Gaskiyarta, kuma a nan duk sirrin aikin yake. A wurinmu faci abin kunya ne, tufa mai launi barkatai alamar rashi ce ko ta rashin hankali. Abin da ke fitar da bargon nan daga wannan sahu shi ne layi ɗaya da yake maimaita kansa. Da ido ya gan shi ya san da gangan aka yi, sai ya sake ya shiga kallon sauran launukan a matsayin ado. Na so in sa farar shadda, don ƙanena mai ɗinkin maza a wajen Ƙofar Ƙaura yana da ita tuli. Na tuna ƙurar hunturu na fasa. Na roƙe shi ragowar shuɗiya mai duhu, shi ma ya nemi yardar masu ita, na yanka guda 80 masu faɗin inci 1 da rabi, tsawon inci 13. Cikin sirara, su kaɗai ne na auna da tef.

Ga yadda falle ɗaya yake tashi. In ninke ƙyallen ƙasa kusurwa da kusurwa in murza da farce, in buɗe, karin ya fito. In kwantar da shuɗiyar shaddar a kan karin, fuskarta sama, tsakiyarta daidai da layin. Wannan wurin ba a yi masa garaje, don in ta goce a nan, ranar haɗi layukan ba za su gaisa ba. Sai in zaro dogon siriri daga kwando in kife shi a kanta, fuska da fuska, baki da baki, in bi da keke kwatan inci daga bakin, allura tana ratsa ukun gaba ɗaya. In buɗe shi ya kwanta gefe, in bi ƙugun ɗinkin da farcen babban yatsa. Atamfa tana da biyayya a nan, da an murza ta kwanta. Sai na gaba a kan wannan, sai na gaba, kowanne ya fi na baya gajarta, daga kwando a koma baho, daga baho a koma fanteka, har a kai kusurwa. A juya a yi ɗaya ɓangaren. Falle ɗaya yana cin sirara tsakanin 9 da 12.

Ƙa'ida biyu kawai na riƙe wajen zaɓe. In na sa mai duhu, na gaba mai haske ne. Kuma ba na ɗora atamfa iri ɗaya sau biyu a falle guda, abin da ya yi wuya a kan ragowar anko, don in aka yi biki ɗaya a dangi sai mutum goma su kawo mini zane iri ɗaya. Ban da wannan ba na tsayawa tunani. Wadda na ga ta yi muni a turmi, in ta zama rabin inci tsakanin wasu biyu sai ta zama ɗigon launi kawai. Kusurwa ita ce ke son kulawa. Ƙyallen ƙarshe ya zama mai ɗan faɗi, inci 2 da rabi ko 3, don kada ƙugun ɗinki ya faɗa daidai inda fallaye huɗu za su haɗu. A nan guntayen nan masu kusurwa uku da ke fita daga yankan wuya da hammata suka sami gurbi.

Kekena na ƙafa ne, Butterfly, wanda aka yi mini kayan ɗaki da shi, don haka a kawo wuta ko a ɗauke bai shafe ni ba. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne yin fallaye da yawa a tare. In jera kamar goma a gefe, in ɗinka wa na farko siriri, ban yanke zare ba in tura na biyu, in tura na uku, su zubo bayan keke a sarƙe. In tsinke su, in murza duka, in sake zagayowa. Zare yana raguwa, tashi da zama yana raguwa. Gawayi kuwa sai falle ya cika nake hura shi. Guga a nan dannawa ake yi a ɗaga, ba a turawa, kada a ja ƙyallen ya karkace. Kuma a riƙa karkaɗe toka nesa da aiki.

In falle ya cika, bakinsa duk geza ne, sirara sun leƙo ta ko'ina. Na yanki kwali mai tauri inci 8 da rabi kowane gefe. In kife fallen, in ɗora kwalin yadda kusurwoyinsa biyu za su hau tsakiyar shuɗin layin, in zagaye da guntun sabulu, in bi da almakashi. Wannan lokacin na fi so a duk aikin. Abin da yake hargitse minti ɗaya da ya wuce sai ga shi tsaf da kusurwa huɗu.

Na ajiye aikin da layya ta matso, na koma kansa bayan ta wuce, kaɗan-kaɗan tsakanin ɗinkin mutane. Ruwa ya ɗauke kafin fallayen su cika. Ranar jeri muka share tsakar gida bayan la'asar, muka haɗa tabarmi, muka shimfiɗa su 8 a jere har jeri 10, ana jujjuya kowanne yadda shuɗin zai haɗu da na maƙwabcinsa. Kowane huɗu suka ba da gida ɗaya mai tsayuwa a kan tsininsa, gida 20 ke nan, tsakaninsu kuma wasu suka fito da kansu. Daga tsaye kusa ba a ganin inda launi ya taru. Ƙanwata ta hau kujera ta ɗauki hoto, a fuskar waya nan da nan muka ga ja ya cunkushe a gefe guda, muka rarraba shi. Na tattara kowane jeri a kan juna na maƙala masa lamba da fil.

Wurin haɗi na canza allura daga lamba 14 zuwa 16. Kowane falle riɓi biyu ne, ga ƙugun sirara, don haka inda huɗu suka gamu kauri ne sosai. In na iso wurin sai in ɗauke ƙafa in juya keken da hannu, ɗinki ɗaya-ɗaya, har in wuce. Ƙugun haɗin kuma buɗe shi nake yi biyu in danne da guga, maimakon in kwantar da shi gefe ɗaya. A nan tsohon zanin ya biya ni. Bakin kowane falle yankan karkace ne, da ba don ƙyallen ƙasa ya riƙe shi ba, da ya tale ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa.

Da na ɗaga fuskar bargon gaba ɗaya na ji nauyinta, na san ba ta buƙatar komai a ciki. Masu ɗinka zanin gadon amare suna sa soso don ya kumbura ya yi kyau a ido, amma soso ba ya son wanki, yana daɗewa bai bushe ba, daga baya ya ruɓe ya riƙa zuba. Sanyinmu na Katsina na dare ne da asuba, a Disamba da Janairu, riɓi uku na auduga ya ishe shi. Wanda zai yi wa tsoho mai jin sanyi yana iya shimfiɗa tsohon bargo marar kauri a tsakiya. Shafi kawai na yi masa, kuma shi kaɗai na saya ban da zare: atamfar auduga mai laushi, na wanke ta, na yanka biyu masu tsawon inci 68, na haɗa su ta gefe. Yadi 4 bai ƙare ba, sauran turmin ya zama zani.

Riƙe sama da ƙasa mu biyu muka yi da Gwaggo. Muka shimfiɗa shafin a tabarma fuskarsa ƙasa, muka ja shi ya miƙe, muka ɗora fuskar bargon, muka shafe da hannu daga tsakiya zuwa baki. Cusa abu mai wannan nauyi ƙarƙashin keken ƙafa wahala ce, sai muka zaɓi ƙulli. Babbar allura, zaren ɗinkin hula riɓi biyu, a soka a fito kusa da inda aka shiga, a sake zagayawa, a ƙulla sau biyu, a yanke a bar rabin inci. Gwaggo ce ta ce a tura faranti ƙarƙashin inda ake aiki don kada allura ta kamo tabarma, kuma jin ƙarar allura a farantin shi ke nuna ta ratsa duka. Daga tsakiya muka faro muna yin waje, ƙulli a kowace mahaɗa, a tsakiyar kowane falle, da tsakiyar kowane gefe, tazarar inci 4 ke nan. Ana yi tana nuna ƙyalle da bakin allura tana tambaya, "Wanga na wa ne?" In faɗa mata, ta ce ai ta gan shi jikinta ranar suna kaza.

Baki ya rage. Kewayen bargon inci 288 ne, yadi 8 cif. Tun wurin tsinta na ɓoye sirara masu faɗin inci 2 da rabi saboda wannan. Na haɗa su kai da kai a karkace don kada mahaɗar ta yi tudu, har suka ɗan haura yadi 8, na ninke biyu bisa tsawo na goge. Na ɗinka a fuska da keke, na juya baya na kalmashe da hannu. Bakin bargo shi ke fara cinyewa, shi ya sa ake ninka shi.

Waɗanda ba su kai inci 1 ba, da masu zuba, da gefen atamfa mai rubutu wanda saƙarsa ta fi tauri, yaran gida na ba. Su ɗaure uku a ƙafar gado su kitsa, in ɗaya ya kusa ƙarewa a ɗora wani a kama da allura, ba a bari biyu su ƙare wuri ɗaya. Da igiyar ta yi tsawo na naɗe ta kamar faifai, daga cibiya, ina kama kowane zagaye da na cikinsa da zare mai ƙarfi. A ƙasa ake yi a kwance, kuma ba a jan igiyar, in an ja sai bakin ya tashi. Mun sami abin taka ƙafa na ƙofar ɗaki, da ƙanana biyu na ɗora tukunya mai zafi. Gezar da almakashi ya zubar wurin daidaita fallaye, da robar da na ware tun farko, su muka ɗura wa tsohon tumtum ɗin maigida da ya lotse.

Na wanke bargon sau ɗaya kafin a fara rufa da shi, a babban baho, da ruwan sanyi, muka kama mu biyu muka matse, muka shanya a igiya biyu don nauyin kada ya ja shi. Ba abin da ya zuba, ba ƙullin da ya kwance. Ya ɗan yi tattara mai laushi, irin wadda auduga ke yi, ya fi daɗin taɓawa.

Masu zuwa karɓar ɗinki sukan gan shi a ninke su ce a buɗe, kowace ta sunkuya tana neman nata. An tambaye ni kuɗinsa, na ce ba na sayarwa ba ne. In aka lissafa zaman da ya ci, ba wanda zai biya alhali ga bargon kanti a kasuwa, kuma ba zan ce wa wata ta shiga wannan aiki don riba ba. Ƙanana su ne ke iya fita: rigar matashin kai falle huɗu, shimfiɗar jariri falle goma sha biyu, jakar Islamiyya falle biyu. Wata mai aurar da ɗiya ta dage sai na yi mata babba da ragowar kayan lefen, don yarinyar ta tafi da shi. Na ce mata, "Hajiya, zan yi, amma ki kawo tsofaffin zannuwa biyu da suka yi laushi, ki zaɓi launi ɗaya na tsakiya, kuma kada ki sa mani rana kafin Sallah." Ta ce ruwan goro take so. Na ce ta turo lefen in fara ware audugar daga robar.